Jan Farce da Alwalar Gwaggo Marka

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar sadakar uku ta Gwaggo Marka, mu huɗu ne muka rage a rumfar tsakar gida: ni, da Inna Habi matar babana, da Jummai dillaliya, da Hajiya Uwale maƙwabciyarmu ta bayan danga. Muna tsintar shinkafar da za a dafa wa baƙin Bagwai. Sai Hajiya Uwale ta ajiye faifai, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah ya gafarta mata. Ni abin da yake damuna, da idona na sha ganinta a kan sallaya da jan farce a yatsu goma. Kuma kowa ya san ruwan alwala ba ya ratsa abin nan. Sallar shekara nawa ke nan?"

Na ci gaba da tsintar shinkafa, don gidan makoki ba wurin musu ba ne. Amma kafin a yi sadakar bakwai maganar ta je bakin rijiya, ta je injin niƙa, har wata 'yar uwarmu ta bugo mini waya daga Bagwai tana tambaya, wai da gaske ne Gwaggo ta yi shekara da shekaru tana salla ba alwala?

Gwaggo yayar babana ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, kuma da mijina ya rasu gidanta na dawo. Ni ba na sa jambaki, ban taɓa sha'awarsa ba, kuma ta san ra'ayina a kansa don na faɗa mata ba sau ɗaya ba. Saboda haka ba kare kwalliya na zo yi ba. Sunanta ake ɓatawa, ita kuma ba ta da bakin amsawa. Zan faɗi abin da na gani bi da bi. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Duk wanda ya san Gwaggo ya san madubinta. Madubin babur ne, da ƙarfensa, ta soke shi a jikin danga daidai tsayin fuskarta. Ba ta yarda da madubin ɗaki, ta ce a ɗaki kowace mace kyakkyawa ce. Da hantsi za ka same ta tsaye a gabansa, tsohuwa mai furfura, ta turo baki gaba tana juya kai dama da hagu. In aka miƙo mata sabon abu ba ta tambayar kuɗinsa ko inda aka yi shi. Tambayarta ɗaya ce: "Zai kai la'asar?"

Asalin abin kuwa, wata amarya ce a unguwarmu ta shafa jambakin cikin lefenta ranar kamu, kafin azahar leɓenta ya kumbura har ba ta iya rufe baki. A haka aka yi biki, fuska a rufe daga farko har ƙarshe. Washegari Gwaggo ta aika aka kira Jummai, don ita ce take saro wa matan garin nan kayan kwalliya daga kasuwar Ɗambatta.

Ta ce, "Daga yau ba abin da zai hau fuskar yarinya a unguwar nan sai ya hau tawa."

Jummai ta ce, "Gwaggo, ai mai saye ba ya son abin da aka buɗe."

"Mai saye yana son baki irin na raƙumi? Ki riƙa ƙaro ɗaya a kowane iri. Fatata ta tsufa, ba abin da zai firgita ta."

Lokacin ta haura sittin. Daga ranar har ta kwanta ciwon ajali, ba uwar da ta karɓi kayan kwalliya daga hannun Jummai ba tare da ta tambaya ba, "Gwaggo ta gani?"

Bari in fara da jambaki. In ta shafa da safe, sai ta zauna ta ci ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ta sa man shanu har ya yi iyo. Sannan ta sha fura. In ta gama ba madubi take fara dubawa ba, ludayi take dubawa. In ta ga ja a bakinsa sai ta ce, "Wannan na ludayi ne, a kai masa abinsa." Wanda ya tsallake ludayi sai ya gamu da goro. Hukuncinta kashi uku ne: na biki, na zaman gida, da na mayarwa.

Wata rana Jummai ta zo da wani daga Kano, na ruwa a 'yar kwalba, launinsa kamar nunanniyar ɗinya. Ta ce mai shago ya rantse ba ya fita. Gwaggo ta shafa, ta ci tuwo, ta sha fura, ludayi ya fito fes. Ta tauna goro, yana nan. Tana cikin yaba shi sai ga saƙo cewa an yi rasuwa a ƙauyen gaba, wata tsohuwar ƙawarta ce ta zamanin 'yan matanci. Ta sa man gyaɗa ta goge. Ta sa sabulu. Ta sa toka. Danƙon ya fita tas, amma launin ya kama fata kamar lalle.

Na ce, "Gwaggo, ki bari sai gobe."

Ta ce, "Mutuwa ce za ta jira jambaki? Ɗauko mini mayafi."

Muna shiga gidan makokin mata suka fara matsawa suna ba ta wuri. Wata ta kawo matashi. Wata tsohuwa ta leƙa fuskarta ta ce, "Marka, tun yaushe bakin ya yi baƙi haka? An auna jininki kuwa?" Ɗan marigayiyar ya aiko daga waje cewa in ana so ya kai ta asibitin Ɗambatta a babur. Gwaggo ta sunkuyar da kai, tana amsa sannu da ƙaramar murya, har kunun da aka dama mata na musamman ta shanye.

A hanya na ce, "Kin bar mutane suna yi miki sannu alhali lafiyarki lau."

Ta ce, "To me zan ce musu? Ado na yo don ƙawata ta mutu?"

Da Jummai ta zo jin hukunci, Gwaggo ta miƙa mata kwalbar ta ce, "Yana da kyau, ba ƙarya. Amma ki sayar wa wadda ta tabbatar ba wanda zai mutu a danginta cikin makon."

Sai jan kumatu, hodar nan da 'yan mata suke shafawa a kunci. Shi gumi ne gwajinsa, don haka lokacin tsinkar wake take yi. Ta shafa iri ɗaya a dama, wani iri a hagu, ta tafi gona. In azahar ta yi ta wanke fuska, ta yi salla a gindin gawo, ta sake shafawa, da yamma ta dawo. Sai ta lura kullum na dama ne yake fara narkewa. Ta musanya su, duk da haka na dama ya narke. Ta kwana tana tunani, da safe ta ce da ni, "Ana zaluntar na dama."

Gonarmu arewa take da gari. In kana tafiya da safe rana tana damanka, in kana dawowa da yamma ta koma yamma, ga ta a damanka kuma. Ni da a nan zan bar maganar. Gwaggo kuwa ranar da baya da baya ta dawo gida, tun daga bakin gona, don hagu ma ta samu rabonta. Ni ce mai riƙe mata gefen mayafi, ina cewa, "Ga rami. Matsa dama. Ga kashin shanu." A haka babana, Malam Ila, ya tarar da mu a burtali yana kan kekensa. Ya sauka ya tsaya.

"Yaya, lafiya?"

"Adalci nake yi. Wuce."

"Mutane suna kallo daga gonaki. Za a ce wani asiri kike haɗawa."

"Ka ce musu ƙafa tawa ce, hanya ta gwamnati."

Baba bai iya musu da ita, tun suna yara. Abin da ya yi shi ne, kullum da yamma sai ya aika amalanken shanunsa ya biyo ta gonar wake, Gwaggo ta hau saman harawa ta zauna tana fuskantar baya. Haka ta riƙa shigowa gari, shanu suna kallon gaba ita tana kallon inda ta fito. Ranar ƙarshe ta tare Baba a zaure ta juya masa kunci biyu, ta ce ya zaɓa.

Ya duba da kyau ya ce, "Ni dai, Yaya, gani nake kamar rina ta harbe ki a wuri biyu."

Ta ce, "Kai dama ba ka taɓa sanin abu mai kyau ba." Amma da Jummai ta zo, cewa ta yi, "Duk biyun na masu fanka ne. Mayar."

Yanzu na zo kan jan farce, wanda shi ne dalilin rubutun nan, don haka a natsu.

Da farko ƙin gwada shi ta yi, saboda abin da Hajiya Uwale ta faɗa ɗin nan: yana hana ruwa taɓa farce. Shi ya sa 'yan matan garin nan ba sa shafa shi sai lokacin da suke fashin salla. Gwaggo kuwa ta daɗe da wuce wannan, ba ta da ranar hutu. Amma ƙorafi ya yi yawa. Wani yana ɓarewa tun kafin amarya ta gama gaida dangin miji, wani yana bar wa farce launin ɗorawa. Sai ta yafa mayafi ta tafi zauren Malam Sale, limamin unguwarmu. Ina tare da ita, kuma Malam yana raye, mai shakka ya je ya tambaye shi.

Ta ce, "Malam, in mace ta yi alwala cikakkiya, sannan ta shafa abin nan a kai, sallarta ta yi?"

Ya ce, "Ta yi, muddin alwalar ba ta karye ba."

"In ta karye fa?"

"Sai ta goge shi tas, ruwa ya taɓa farce, sannan ta sake wata."

Ta ce, "Shi ke nan, Allah ya ƙara ilimi." Ta tashi.

Daga baya Malam ya gaya wa Baba cewa shi ya ɗauka don wata jikarta take tambaya.

Tun daga nan aka samu abin da muke kira ranar gwaji a gidanmu. Ta yi alwalar asuba, ta yi salla, ta shafa a yatsu goma, sannan ta riƙe alwalar nan kamar mai riƙe da ƙwai. Ranar ba a dafa wake a gidan. Ba ɗanwake, ba ƙosai, ba alale, ba rogo, ba nono. Ruwa kurɓi kaɗan. Barcin rana kuwa ba a ma maganarsa, sai ta kifa turmi ta zauna a kai don kada gyangyaɗi ya ɗauke ta. A haka za ta ɓare gyaɗa, ta tsinke zogale, ta wanke tukunya da toka, tana duba farce. Inna Habi takan tsokane ta, ta zo da kwanon ɗanwake daga gidansu ta zauna daf da ita tana ci tana lumshe ido.

"Yaya, yau har da ƙwai da tumatir."

"Ki ci, Habi. Ke ai ba ki da abin da kike riƙewa."

In Allah ya taimaka takan kai har isha da alwala ɗaya. In kuma ta karye a hanya, ko da tsakar rana ne, sai ka ji ta ce, "An tashi kotu. Miƙo mini ruwan gogewa." Ta goge ɗaya bayan ɗaya, ta bi gefe da lungu da reza, ta ɗaga hannun a rana, ta ce in duba mata don idona ya fi nata. Sai na ce ba saura sannan za ta ɗauki buta. Wanda ya leƙo ta kan danga ya hango jan farce a kan sallaya gaskiya ya gani, amma bai ga asuba ba, bai ga turmi ba.

Mai cewa ai a gida kowa yana iya yin haka, to ga abin da ya faru a Zakirai.

Ƙanwata Rabi a can take aure. Ta haihu, muka shirya zuwa suna. Daidai lokacin Jummai ta kawo wani sabo, ja kamar tattasai, tana son jin hukunci kafin ta saro da yawa. Na ce, "Gwaggo, ba a gwaji ranar tafiya." Ta ce tafiya ma gwaji ce. Ta yi alwalar asuba ta shafa. A mota duk hanya tana mintsinin cinyarta don kada ta yi barci. Muka isa lafiya, ta yi azahar da alwalarta.

Sai uwar mijin Rabi ta fito da kwano a rufe, ta ajiye a gaban Gwaggo, ta zauna. Ta ce, "Hajiya, wannan da hannuna na yi miki, ban bar yara sun taɓa ba." Ta buɗe. Alale ne, ya sha manja.

Gwaggo ta dube ni. Na dubi ƙasa. Kowa ya san ba a mayar da abincin surukai, balle wanda uwar gida ta yi da kanta kuma ta zauna tana kallonka. Gwaggo ta yi bismilla ta ci ɗaya. Matar ta ce, "Ko bai yi daɗi ba ne?" Ta ci na biyu. Ta ci na uku.

La'asar ta yi, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Gida cike da mata, yara suna kuka, ana daka a gefe, 'yan mata sun kunna waƙa a waya. Gwaggo ta miƙe ta daidaita mayafi, ta ɗaga hannu za ta yi kabbara. Sai ta sauke. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita, kuma na rantse ban ji komai ba. Ta juyo, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Ku yi taku, tawa ta tafi. A ba ni buta, a ba ni reza."

Ruwan gogewar mun manta shi a gida, kuma ba mai shi a gidan. Haka ta zauna a tsakiyar gidan surukai tana kankare farce da reza. 'Yan mata suna toshe baki da mayafi. Rabi ta shige ɗaki don kunya, ta ƙi fitowa. Na durƙusa kusa da ita na ce a hankali, "Gwaggo, ba wanda ya ji fa."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wanda zan tsaya gabansa ya ji."

Uwar mijin Rabi ta tsaya tana kallo. Can sai ta shiga ɗaki ta fito da tata rezar, ta jawo kujera, ta kama hannun daman Gwaggo, ta ce, "Kawo wannan, Hajiya, alalena ne ya jawo." Suka yi ta kankara su biyu suna dariya, har farce goma suka fita. Na duba, na ce ba saura. Ta yi alwala ta yi la'asar cikin lokacinta.

Da muka dawo Jummai ta tare mu tun daga zaure. Gwaggo ta ce, "Saro da yawa. Ya sha mota, ya sha manja, sai da reza biyu suka haɗu masa. Shi na biki ne. Ni ce ta mayarwa."

Shekarun ƙarshe, da ciwon suga ya kama ta, alwala ta daina daɗe mata. Ba wanda ya ce ta bari. Ita da kanta ta tattara kwalaben jan farce ta mayar wa Jummai, ta ce ta yi ritaya daga wannan sashen. Jambaki kuwa ba ta bari ba har ta kwanta. Ko a makon da za ta rasu ta sa an cire madubin daga danga an kawo mata gado, ta dubi kanta ta ce wannan fuskar ta zaman gida ce.

Ni da Inna Habi muka yi mata wanka. Na kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba sa ni. Ba ko ɗigo. Faratan sun yi sirara kamar ɓawon albasa saboda yawan kankara. A nan ne na yi kukan da ban yi ba lokacin da ta cika.

Na je na samu Hajiya Uwale a ɗakinta na gaya mata duk wannan. Ban ce ta yi ƙarya ba, don bayan tafiyar Zakirai ta tare a unguwar nan, kuma abin da ta hango ta faɗa. Ta yi istigfari, ta ɗauki mayafi a lokacin ta nufi injin niƙa don ta gyara a inda ta fara. Allah ya saka mata. Sai dai maganar ta riga ta wuce injin niƙa, ta shiga gidajen da ni da ita ba mu sani ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Marka. Allah ya karɓi sallolinta, na gida da na Zakirai, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sanyaya mata makwanci. Amin.

Ke da kike karanta wannan, in har maganar nan ta taɓa fita daga bakinki, ko da "wai" kika fara ta, ina roƙonki abu ɗaya. Ki tuna wadda kika gaya wa. Ki taka har gidanta, ko ki kira ta a waya, ki ba ta labarin alalen Zakirai daga farko har ƙarshe, ki ce ita ma ta mayar wa wadda ta kai wa. Kada ki bari sai gobe.